Na Yi Gwajin Jini Da Katin Yayana, Yanzu Aurensa Na Rawa

Zuwa ga Dona Lindalva,

Don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe kafin ki ce komai. Sau uku ina farawa ina gogewa. Na san kin saba jin abin kunya a wannan fili naki na ba da shawara, amma nawa ni na ɗinka shi da hannuna, kuma wani na sa wa a jiki.

Shekarata ashirin da tara. Ɗinki nake yi, kamar kowa a garinmu. Ni da yayana Genivaldo, wanda kowa ke kira Vado, muna da kekunan ɗinki shida a bayan gidan Mama, muna haɗa wandunan jins. Shi ke yankan yadi, ni nake sa aljihu da zif. Vado da matarsa Neide suna zaune a benen da ya ɗora a kan gidan Mama, ni kuma ina ƙasa, ɗakina na jikin kicin. Tun da babanmu ya rasu Vado ne uba a gidan, shi ya koya mini riƙe almakashi, shi ya biya mini makaranta har na ƙi ta da kaina.

Ni namiji nake so. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba. Shekara biyu ke nan ina tare da wani ɗan acaba na garin da ke kusa da mu, zan kira shi Edmilson ko da yake ba sunansa ba ne. A gida an san shi a matsayin mai kai mana kaya kasuwa. Mama kullum sai ta zuba masa kofi da kuskus, tana yi masa faɗan ya yi aure kafin sanƙo ya gama cinye masa kai, ni kuwa ina gefe ina duba zaren da babu abin da ya same shi.

Wata uku da suka wuce Edmilson ya gaya mini ya yi gwajin jini an ce yana da tunjere. Bai ɓoye ba, bai yi kwana-kwana ba. Ya ce bai san tun yaushe ba, wataƙila tun kafin mu haɗu, an fara yi masa allura, ni ma in je. Ya ce, "Abin allura ne kawai, sarkin tsoro. Sai dai za ka yi kwana biyu kana zama da gefe ɗaya." Shi abin har dariya ya ba shi. Ni kuwa ba cutar ce ta dame ni ba, inda zan je ne.

Dona Lindalva, kin yi aikin asibiti, kin san irin asibitin unguwa. Namu ɗaki huɗu ne da benci biyu. Mai rubuta suna 'yar cocin Mama ce. Kwalin kwaroron roba na kyauta a kan teburinta yake, duk wanda ya miƙa hannu sai benci biyu sun juyo. Ƙofar ɗakin nas ba a rufe ta saboda zafi, abin da ka faɗa a ciki da wanda ke jiran awon jini a waje kuke yi. Sannan ga Dona Creuza, ma'aikaciyar lafiya mai zagaya gidajen layinmu. Ita ta riƙe ni ranar baftisma, har yau in na gan ta sai na nemi albarka. Ba muguwa ba ce, ita ke ƙirga wa Mama ƙwayoyin hawan jini, amma duk takardar da ta fito daga asibitin nan da sunan wani a layinmu, a jakarta take kwana.

Kuma na ga abin da ya faru da wani. Akwai mai aski a bakin titinmu, Valdecir, wanda bai taɓa ɓoye kansa ba. Bara ya je asibitin neman maganin nan da ake sha don kare kai daga kanjamau. Kafin ya dawo shago labari ya riga shi, kuma labarin ya zama wai cutar gare shi. A wurin ɗinkinmu Vado ya ce, "Ku daina kai kanku wurin ɗan daudun nan, kada ya aske muku har da lafiya." Kowa ya yi dariya, ni na fi kowa. Har na ƙara tawa a kai, wadda ba zan iya rubuta miki ba. Tun ranar ban sake iya haɗa ido da Valdecir ba, sai na koma aski a wata unguwa.

To ga abin da na yi. Katunan asibiti na duk gidanmu a cikin gwangwanin biskit suke, a kan firjin Mama. Ranar babbar kasuwar tufafi ta garin su Edmilson, na ji ana cewa motar gwaji za ta zo. Na buɗe gwangwani zan ɗauki nawa, sai na ga na Vado, sabo fil, domin shi rabonsa da asibiti tun yana yaro. Katin babu hoto. Na ce a raina, garin ba namu ba ne, takarda a can za ta mutu, in ma ba ta mutu ba ai babu mai neman Vado a asibiti. Ko minti ɗaya ban yi ina tunani ba. Na sa nasa a aljihu na mayar da nawa.

Layi ya yi tsawo a wurin motar, ba wanda ya nemi katin shaida. Na faɗi sunan Vado da ranar haihuwarsa da adireshinmu. Gwajin kanjamau ya fita lafiya, na tunjere ya nuna ina da shi. Nas ɗin ta tambaye ni ko ina da mata. Na ce e, tunda ai Vado nake. Ta tura ni wani asibiti kusa aka yi mini allurar farko, ɗaya a kowane ɗuwawu, kuma gaskiyar Edmilson ce game da zama. Sai ta ce tunda ba a san tun yaushe abin yake jikina ba, sau uku za a yi, mako-mako, sauran biyun a asibitin unguwarmu, za su aika musu. Na ji maganar sarai. Na gyaɗa kai na fito, na ce ai ɗaya ma ta isa, su kuma masu aika takarda yaushe suka taɓa aika abu ya iso.

Ta iso. Bayan mako biyu, ranar Talata da safe, Dona Creuza ta shigo da jakarta ta tarar da Neide a kan matakala tana ɓare wake. Cikin Neide wata biyar a lokacin, na fari, bayan shekara huɗu suna nema. Ina kan keke amma na ji komai. Ta ce, "Neide 'yata, ina mijin naki? Ki ce masa allura biyu na jiransa, ya daina wasa. Ke ma nas na son ganinki yau ɗin nan, ba gobe ba, saboda cikin nan." Neide ta ce wace allura. Dona Creuza ta ce nas za ta yi mata bayani. Nas ba ta faɗa mata komai a kan Vado ba, sai dai ta sake yi mata gwajin tunjere wanda aka riga aka yi mata a farkon awo. Neide ba yarinya ba ce, ta kuma hango takardar a kan teburin nas, ta haɗa ɗaya da ɗaya. Nata ya fita lafiya, mun gode Allah, amma daga asibitin kai tsaye wurin yankan yadi, inda Vado yake, ta nufa.

A gaban masu ɗinki huɗu aka yi. Vado ya rantse bai taɓa taka wurin gwajin nan ba. Ta ce, "To takarda ce ta yi maka sharri? Sunanka, sunan uwarka, ranar haihuwarka! Kuma ranar ce ka ce mini kana wurin masu wanke mana wandunan jins tun safe har yamma, ashe kanka ka je wankewa." Kuma da gaske can ya wuni, ni shaida ne, ni na aike shi ma. Ya ce shi bai san wata allura ba. Ta ce in ya isa ya sauke wando a duba. Wata cikin masu ɗinkin ta ƙunshe dariya. Ni ina zaune da aljihu a hannu, na ɗinka shi a juye ban sani ba.

Dona Creuza ta dawo da yamma ta ce ya zo a sake gwada shi. Vado taurin kai gare shi kamar babanmu. Ya ce, "Jinina ba zai yi mini shaida a gidana ba. In bakina bai isa ba, a bar shi." Neide kuma ta ce ko ya je banza ne, tunda ya sha allura dole ya fita fes. Kwana uku bayan haka ta kwashe kayanta ta koma gidan uwarta. Yau mako shida ke nan. Cikin ya shiga wata bakwai. 'Yan'uwanta maza sun daina gaishe mu a kasuwa, kuma ta aiko cewa ranar haihuwa kada ya zo ƙofar asibiti.

Abin da ya fi ci mini rai, Mama ma ta yarda ya yi. Ba ta faɗa ba, amma tana kunna masa kyandir a gaban hoton Uwargida Maryamu tana roƙon a shirye shi, kuma ta ware masa tawul. Vado ya gani. Mutumin da bai taɓa ɓata yadi ba, makon jiya ya yanka wando arba'in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Yana zargin wani abokin gasarmu ne ya yi masa wannan aiki, yana ta lissafin wa ya taɓa ganin lambar katinsa. Shekaranjiya muna cin rogo da nama a bakin ƙofa ya dafa kafaɗata ya ce, "Ƙanena, duk gidan nan kai kaɗai ne ba ka dube ni da wannan ido ba. In Allah ya sa abin nan ya wuce, kai ne uban baftismar yaron." Na ce to. Na shiga banɗaki na amayar da rogon.

Ban gama miki ba. Sauran alluran biyu ban yi ba, ina zan je, da sunan wa? Edmilson yana zaton na gama. Ina ta gudunsa ina ce masa aiki ya yi yawa, ya fara tambaya ko wani na samu.

Na yi tunanin in rubuta wa asibitin takarda babu suna in ce kuskure ne. Na yi tunanin in gaya wa Vado ni ne, amma in ce daga wata mace na samo, tunda wannan zai yi dariya ya yafe. Na yi tunanin in hau mota zuwa can birnin São Paulo mai nisa in aiko da saƙo daga can. In na faɗi gaskiya duka, ban san ko zan rasa yaya da uwa da wurin aiki a rana ɗaya ba. In na yi shiru, yaron nan zai zo duniya ubansa na waje da laifin da bai yi ba. Kunya ta hana ni ci, ta hana ni kallon kowa. Dona Lindalva, wanne zan yi?

Naki,
Mai Sa Aljihu, Pernambuco

Amsar Dona Lindalva

Ɗana Mai Sa Aljihu,

Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka roƙa. Ba zan ƙara maka faɗa a kan wanda kake yi wa kanka ba, amma ba zan rage maka gaskiya ba. Abu biyu ka haɗa a ƙulli ɗaya kana kiransu kunya. Son da kake yi wa namiji da cutar da ta same ka, babu wanda ka zalunta da su. Katin da ka ɗauka da shirun mako shida, wannan ka zalunci mutum uku, ɗayansu ko haihuwarsa ba a yi ba. Na farkon naka ne, kai za ka zaɓi ranar faɗarsa da wanda zai ji. Na biyun ba naka ba ne da za ka ci gaba da riƙewa.

Mu fara da jikinka, domin shi ba ya jiran ka gama tunani. Tunjere na warkewa sarai, amma allura ɗaya cikin uku ba magani ba ne, kuma rashin ganin alama ba lafiya ba ne. Tunda ka yi wannan tazara, mai yiwuwa a sake farawa daga farko. A makon nan ka je cibiyar gwaji ta babban gari, irin wadda aikinta ke nan, inda ba ruwansu da layin da kake zaune. Ka je da katinka da sunanka. Ka gaya wa wanda zai duba ka da wa kake kwana, domin gwajin da za a yi maka da shawarar da za a ba ka sun dogara da wannan amsa. Ka tambayi maganin kariyar da mai askin nan ya nema, haƙƙinka ne kamar na kowa. Kuma ka gaya wa Edmilson ba ka gama ba. Mutumin da ya zo ya faɗa maka nasa ba tare da ɓoye-ɓoye ba ya cancanci haka, shi ma yana bukatar sani don lafiyarsa.

Sai Vado. Takarda marar suna ba za ta yi komai ba, Neide za ta ce shi ya rubuta. São Paulo kuwa, da saƙon waya ba a gyara irin wannan ɓarna. Batun ƙirƙiro mace kuma ka bar shi. Ƙarya ce ta kawo ka nan, kuma wadda za ka yi yanzu sai ka yi ta ciyar da ita har tsufa, yau a tambaye ka sunanta, gobe unguwarsu.

Ka same shi shi kaɗai, ba a wurin ɗinki ba, ba a gaban Mama ba. Ka ce masa kai ka ɗauki katin, cutar taka ce, tsoro da kunya suka sa, kuma ka ga yana ƙonewa ka yi shiru. Iyakar abin da ya wajaba a kanka ke nan. In ya tambayi daga ina, kana da damar ka ce wannan maganar wata rana ce. In kuma ka ji za ka iya faɗa masa duka, ka faɗa, amma kafin nan ka san inda za ka kwana na ɗan lokaci in gida ya yi zafi, kuma wani da ka amince da shi ya san ranar. Ba zan yi maka alkawarin zai rungume ka ba. Zai yi fushi, kuma yana da gaskiyar yin fushi a kan katin. Na ga 'yan'uwan da suka juya baya, na kuma ga waɗanda bakinsu ya fi na Vado ƙazanta a kan na waje, amma da abin ya zo kan ƙaninsu suka haɗiye tsohon barkwancinsu. Ban san wanne ne yayanka ba, kai ma ba ka sani ba tukuna.

Daga nan ku je wurin Neide tare, ta ji daga bakinka. In ta ce rufa wa yayanka asiri kake yi, akwai shaida. Akwai gwajin tunjere da yawanci yake ci gaba da nuna alama a jinin wanda ya taɓa kamuwa, ko da ya warke. Na Vado zai fita babu komai, naka zai nuna. Ka gaya masa wannan karon ba don a tuhume shi ba ne, don matarsa ta samu barci ne. Sannan ka nemi ganin shugabar asibitin unguwarku a ɗaki a rufe, a cire abin daga sunan Vado, domin kuskure a takardar lafiyar mutum na iya cutar da shi wata rana. Za ta ɓata rai, amma ba kai ne na farko da tsoro ya sa ya ari suna ba.

Ina da magana da abokan aikina na dā, domin na san suna karanta filin nan. Shekara talatin da ɗaya na yi ina nas. Dona Creuza ta yi daidai da ta damu da cikin Neide, tunjere na kashe jarirai, kuma neman wanda ya bar allura aikinta ne. Amma saƙon majiyyaci ba a ba matarsa a kan matakala. Kuma lafiyayyen saurayi ba ya satar katin yayansa haka kawai. Ƙofar da ba ta rufuwa, kwalin roba a gaban benci, tambayar "kana da mata?" maimakon "da wa kake kwana?", labarin Valdecir da ya fita daga inda bai kamata ya fita ba, su suka kore shi. Muna cewa magani kyauta ne ga kowa, amma in namiji mai son namiji sai ya biya da mutuncinsa kafin ya samu, to bai samu daidai da kowa ba. Rufe ƙofa da mayar da kwali lungu da riƙe baki ba sa bukatar kasafin gwamnati. Ni ma akwai shekarun da na yi tambayar nan a karkace, ban san mutum nawa suka gyaɗa mini kai suka tafi da cutarsu ba.

Shi kuwa mai askin, wata rana ka koma ka zauna a kujerarsa. Ba sai ka yi jawabi ba, ya san dalilin da ya sa ka daina zuwa.

Ɗana, cikin wata bakwai ba ya ba da dogon lokaci, wani jaririn ma ba ya jiran wata tara. Kada ka ce sai bayan kasuwa, kada ka ce sai ranar da Vado ke cikin fara'a, wannan ranar kai ka ɗauke masa ita. Ka yi maganar kafin Lahadi. Wataƙila ka rasa zama uban baftisma, wataƙila ka yi watanni ba a ce maka sannu a teburi ba, kuma zan yi ƙarya in na ce ba zai yi ciwo ba. Ina yi maka fatan lafiya da ƙarfin zuciya, ina yi wa Neide fatan sauka lafiya, kuma ranar da aka fito da yaron nan, ya tarar da ubansa tsaye a bakin ƙofa da sunansa a wanke.

Taka,
Dona Lindalva